Ɗigon Jini Kafin Karin Kumallo

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a Ƙofar Dumi ya san gidan Malam Salihu mai gyaran keken ɗinki, ba don Malam ɗin ba, sai don matarsa. Hajja Mas'uda ce mai kayan gara. Alkaki da dubulan da nakiya da cincin, duk a tsakar gidanta ake yin su, kuma tun tana goyon fari take wannan sana'a, ga shi yanzu har jikokinta sun shiga makaranta. Ita ba ta auna suga da gwangwani kamar sauran mata. Cokali take tsomawa a ruwan sugan da ke tafasa, ta hura, ta ɗanɗana, sannan ta ce a ƙara ko a sauke.

Ciwon a hankali ya shigo mata. Ƙishirwa ce ta fara, irin wadda ko ta shanye moɗa biyu maƙogwaronta a bushe yake. Sai yawan zagawa, sai wata gajiya da ke danne ta tun hantsi. Ta ɗora laifin a kan zafin gari da na murhu. Da mai ya fallatso mata a ƙafa, ƙunar ta ƙi warkewa har ta fara ruwa, sai babbar 'yarta Salma ta zo da mota daga GRA, inda take aure, ta kai ta asibiti. Aka ɗibi jini, aka ce su dawo. Da suka koma likita ya ce ciwon suga ne, irin wanda ke kama manya, ba a rabuwa da shi amma ana zama da shi lafiya in an kula. Ya rubuta ƙwayoyi iri biyu, ya yi dogon bayani a kan abinci. A cikin duk maganarsa Hajja ba ta riƙe komai ba sai "ba a rabuwa da shi". Salma kuwa ta riƙe duka.

A hanyar komawa gida Salma ta tsaya a kemis ta sayo na'urar awon suga. 'Yar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba, tana cikin baƙar jaka tare da wani abu mai kama da biro da ake sa wa allura, da kwalbar 'yan siraran takardu da ake ɗiga jinin a kai. A kan tabarmar ɗakin Hajja ta baje su, ta nuna mata yadda ake yi. A wanke hannu da sabulu, a goge. A soka takardar a bakin na'urar. A ɗora biron a gefen yatsa a danna, a matso jini ɗigo ɗaya, a jira lamba ta fito.

"Kullum da safe, Inna, kafin ki sa komai a baki," in ji Salma. "In ta fito sai Ni'ima ta ɗauki hoton lambar ta turo min. Likita ya ce a so ta riƙa tsayawa ƙasa da bakwai."

Ni'ima matar Muktar ce, ɗan Hajja na biyu, kuma a gidan suke zaune. Tana tsaye a bakin ƙofa ta ce to.

Hajja ma to ɗin ta ce. Salma 'yar fari ce, Hajja ba ta kama sunanta, ba ta kuma saba doguwar magana da ita ba. Ko a da, in tana son gaya mata wani abu, ta bakin wani take aikawa. Don haka ba ta ce mata tana tsoron allura ba, ba ta kuma tambaye ta har yaushe za a yi ta wannan abu ba.

Haka safiyarta ta canja. In ta idar da sallah, maimakon ta fita ta hura wuta, sai ta jawo baƙar jakar. Yatsunta sun yi kanta saboda shekarun murza alkaki da taɓa zafi, sau da yawa sai ta soka sau biyu kafin jini ya fito, wani lokacin kuma takardar ta lalace a sake wata. Sannan ta zuba wa na'urar ido tana jira. In lamba ta fito ta kira Ni'ima, Ni'ima ta ɗauki hoto ta tura. In bakwai ce ko kusa da haka, Salma takan turo hoton babban yatsa a ɗage, shi ke nan an wuce wurin. In kuwa ta kai goma, kafin Ni'ima ta fita daga ɗakin wayar ta fara ƙara.

"Inna, me kika ci jiya?"

"Tuwo."

"Na me?"

"Na shinkafa ne aka yi."

"Ai an ce a rage shinkafa. Malmala nawa? Ba ni Ni'ima."

Sai Hajja ta miƙa wayar, ta zauna tana jin surukarta tana lissafa abin da ya shiga bakinta tun daga safiyar jiya. Ni'ima takan sunkuyar da kai tana magana ƙasa-ƙasa, don ita ma abin nauyi yake mata.

Kafin wata ya zagayo kowa ya ji. Muktar ya ɗauke gwangwanin suga daga ɗakinta. Maƙwabta suka fara shigowa da magunguna, wannan ta kawo ganyen shuwaka, waccan ta kawo garafuni, wata ta ce ɓawon maɗaci ne ya raba yayarta da ciwon. A wani gidan suna, an ajiye mata kwalbar lemo a gabanta kamar kowa, wata mata da ba su ma saba ba ta miƙo hannu ta ɗauke, ta ce da mai rabon, "Hajja ba ta sha, suga ke gare ta." Aka juyo ana yi mata sannu. Ta amsa sannun har ta gaji, ta tashi ta tafi tun ba a yi addu'a ba.

Wurin aiki ma ba ta tsira ba. Ɗanɗano ya koma hannun Ni'ima, wadda ba ta riga ta gane lokacin da ruwan suga ke kamawa ba. Hajja takan tsaya a kanta tana kallon yadda ruwan ke zuba daga cokali, tana ƙoƙarin ganewa da ido. Sau ɗaya dubulan ya fito salam, wata uwar amarya ta aiko cewa hannun Hajja ya canja. Ga yatsun da aka sossoka, in ta sa su a kwaɓi ko ruwan tsamiya sai su ɗauki zogi.

Ita da kanta ta gano dabarar. Wani dare ciwon kai ya hana ta cin tuwo, da safe lamba ta fito shida da ɗoriya, wayar ba ta yi ƙara ba. Ta gwada kuma washegari, haka aka sake yi. Daga nan sai ta riƙa taɓa tuwon dare loma biyu ta rufe. Sai ta rage na rana. Da safe kuma baƙin shayi kawai. Ƙwayoyinta dai ba ta fasa ba, tana sha a kan lokaci kamar yadda aka ce. Hotunan babban yatsa suka riƙa zuwa a jere, gidan ya yi shiru.

Malam Salihu ne kaɗai ya lura. Wata rana bayan magariba ya buɗe kwanonta ya duba.

"Hajja, kwanon nan naki yadda ya zo haka yake komawa."

"Ba na jin yunwa ne."

"Jiya ma haka kika ce."

"Ai ciwon ne, Malam. Haka yake sa mutum."

Ya dube ta, ya mayar da murfin. Shi ba mai ja da magana ba ne, kuma bai san ciwon ba balle ya ce ba haka yake ba.

Ana nan sai aka kawo aikin wani babban biki, irin wanda ake kwana biyu ana suya. Hajja ta kira mata biyu da ke taya ta, aka kafa kasko biyu a tsakar gida. A safiyar rana ta biyu lamba ta fito biyar. Salma ba hoto ta turo ba, kira ta yi, muryarta cike da murna.

"Kin gani ko, Inna? A ci gaba da haka."

Hajja ta haɗiye ƙwayoyinta, ta kurɓi shayi, ta fita ta zauna a gaban kasko.

Wajen hantsi ta ji hannunta yana rawa. Ta ɗauka gajiya ce. Can sai zufa ta karyo mata, mai sanyi, ba irin ta bakin wuta ba. Ƙirjinta ya riƙa bugawa da sauri. Ni'ima ta tambaye ta ko a ƙara itace, ta daka mata tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo yarinyar gidan. Matan suka dubi juna. Hajja ta ga dubulan ɗin da ke cikin mai ya zama bibbiyu, ta miƙa matsami za ta kwashe, matsamin ya suɓuce ya faɗa kaskon. Jikinta ya tafi gaba. Ni'ima ce ta cafke ta ta baya, ta ja ta da ƙarfi har suka zube tare a kan tabarma.

"Sugan ne ya hau," in ji ɗaya daga cikin matan. "A kawo ruwan shuwaka."

Ni'ima ba ta tsaya saurare ba. Ta bar Hajja jingine a jikin ɗayar, ta zari mayafi ta fita da gudu. Gida uku tsakaninsu da Sista Patience, wata nas da ta yi ritaya, wadda ta daɗe a lungun har ana kiranta in haihuwa ta zo da gardama. Sai ga su tare, Sista da zane ɗaure a ƙirji da hannu duk kumfar wanki.

Ta ture kofin shuwakar da ake shirin ɗura wa Hajja, ta ce a kawo na'urar. Ta wanke hannunta da na Hajja, ta soka, ta jira.

"Bai kai uku ba," ta ce. "Ba hawa ya yi ba, sauka ya yi. Hajja, kina ji na? Za ki iya haɗiya?"

Hajja ta gyaɗa kai.

Sista ta waiga, ta ga tukunyar ruwan sugan da ake tsoma dubulan. Ta ɗibi cokali uku a kofi, ta sirka da ruwa, ta kafa mata a baki. Matan suka zuba ido suna kallon ana ba mai ciwon suga ruwan suga. Bayan ɗan lokaci rawar jikin ta fara lafawa. Aka sake awo, lamba ta ɗaga. Sista ta sa Ni'ima ta ɗumamo wake da shinkafar jiya, ta zauna a kan turmi har sai da Hajja ta ci rabin kwano.

Da aka mayar da ita ɗaki, Sista ta sallami kowa ta saki labule.

"Yaushe rabonki da cin abinci ki ƙoshi?"

Hajja ta ce, "An kwana biyu."

"Kuma kina shan maganin."

"Ban taɓa fashi ba."

"To ai shi ne. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan aikinta ta sauke suga, ko kin ci ko ba ki ci ba. In ba ta sami abinci ba sai ta sauke ki ke. Da a cikin man nan kika faɗa fa?" Ta ɗauki na'urar tana juya ta a hannu. "Wai wa kike yi wa awon nan?"

"Yarinyar nan tawa ta GRA ce ke son ta riƙa gani."

"Na sani tana so. Amma ba jarrabawa ba ce, Hajja, babu wanda zai ba ki sakamako. An yi abin nan ne don ke ki san abin da ke faruwa a jikinki. Wata rana ki auna da safe, wata rana ki ci abincinki ki jira kamar awa biyu ki auna, sai ki ga abin da wannan abincin ke yi miki. In ta hau, kin koyi wani abu. In kin ji irin na yau, ki auna, ki sha abu mai zaƙi nan take. Ki riƙa ƙulla dabino a bakin mayafi. Gobe kuma ki koma wurin likita ki gaya masa duk abin da ya faru, kada ki rage komai."

Hajja ta ce, "Na gaji ne, Sista."

"Na sani. Kowa da ke da shi yana gajiya."

Bayan la'asar Salma ta iso, don Muktar ya kira ta. Motarta ba ta shiga lungun, a bakin titi ta bar ta ta ƙaraso da ƙafa, tana haki. Tun daga tsakar gida Hajja ta jiyo ta tana yi wa Ni'ima faɗa, wai yaya za a ce mutum yana gida ɗaya da tsohuwa bai san ba ta cin abinci ba.

Hajja ta ɗaga murya daga ɗaki. "Ke. Shigo nan."

Salma ta shigo ta durƙusa a gefen katifa. Malam Salihu yana zaune a kan kujera a bakin ƙofa, da carbi a hannu.

"Ki bar yarinyar nan," in ji Hajja, tana kallon bango. "Ba don ita ba da yanzu wani zancen ake yi. Ni na daina ci, kuma ɓoyewa na yi."

"Don me, Inna?"

"Don wayar nan ta daina ƙara."

Salma ta dubi hannuwanta. Da ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Inna, ke ba ki ga uwar mijina a ƙarshe ba. Ni na yi jinyarta. Daga ɗan ciwo a yatsan ƙafa aka fara, irin naki. Ni nake wanke wurin bayan an yanke ƙafar. Wallahi kullum na tashi da asuba, kafin hoton nan ya shigo ba na iya karyawa."

Hajja ta san an yanke wa matar ƙafa, har dubiya ta je. Amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa 'yarta ce ke wanke wurin ba. Ta juyo ta dube ta sosai, abin da ba ta cika yi ba. Ta ga idanunta sun faɗa, ta ga ita ma ta rame.

"Allah ya ji ƙanta," ta ce. "Ke ma kin gaji."

Salma ta share ido da bakin mayafi.

"Awo zan ci gaba da yi," in ji Hajja. "Magani zan sha. Abinci zan ci yadda likita ya ce. Amma hoto an daina."

"To ta yaya zan san halin da kike ciki?"

"Ki zo ki gan ni."

Malam Salihu ya gyara zama ya ce, "Ranar Juma'a in an sauko, ki riƙa zuwa da yaran ku ci abinci a nan. Na'urar ai tana riƙe lambobin, Muktar ya nuna min. In kin zo sai ku duba tare, in ita ta ga dama."

Salma ba ta so ba, ya nuna a fuskarta. Amma ta ce to. Da za ta tafi ta tsaya a tsakar gida wurin Ni'ima, wadda ke kwashe sauran dubulan ita kaɗai. Hajja ba ta ji abin da ta ce mata ba, ta dai ga ta naɗe hannun riga ta karɓi matsamin.

Washegari likita ya saurari labarin, ya rage ƙwaya ɗaya, ya ce ta dawo bayan 'yan makonni da na'urar a hannu. Daga nan Hajja ta shiga koyon jikinta kamar yadda ta koyi kwaɓi tana yarinya, da gwaji da ɓaci. Ta gano cewa in ta ci masa, guda biyu da miyar taushe mai yawan ganye ba sa tayar mata da lamba, huɗu kuwa suna tayarwa. Tuwon shinkafa ya fi na dawa hawa da ita. Wake yana zama lafiya, haka kwaɗon zogale. Fura in ba a sa suga ba, rabin kofi, tana wucewa. In ta taka zuwa makarantar Islamiyya ta matan aure ta dawo da ƙafa, lambar yamma takan yi kyau. Ruwan suga kuma ta koma ɗanɗanawa, a kan harshe kawai, sannan ta miƙa wa Ni'ima cokalin ta ce ita ma ta ji, don ta riƙe yadda yake in ya kama.

Ba wai abin ya zama da sauƙi ba. Akwai safiyar da za ta yi komai daidai lamba ta fito sama, ba dalili. Akwai ranar da takardun awo za su ƙare a zagaya kemis uku ba a sami irin nasu ba. Salma takan zo ranar Juma'a, wani lokacin ta daure ba ta tambaya ba, wani lokacin ta kasa. Manyan ayyuka Hajja ta fara mayarwa, don tsayuwar kwana biyu a bakin wuta ta fi ƙarfinta yanzu, ta kuwa ji labarin wata mata a unguwar Tirwun da ta fara karɓar irin aikin da ita take bari.

Wata safiya da damina ta zauna da jakar a buɗe a cinyarta, ta kasa ɗaukar biron. Ba ciwo take ji ba. Ta duba yatsunta ne ta ga babu wanda take son sokawa, ta tuna gobe ma haka ne, jibi ma haka. Tana nan zaune har Malam ya dawo daga masallaci ya same ta.

Bai tambaye ta komai ba. Ya wanke hannu, ya zauna a bakin katifa, ya sa sabuwar allura.

"Wanne aka yi jiya?"

"Na tsakiya."

"To kawo ƙaramin."

Ta miƙa masa hannu ta kawar da kai. Ya danna, ya matsa, ya kai takardar bakin jinin. Suka jira. Tara ta fito. Ya nuna mata, ta duba, ta ce jiya gidan biki ta je, ta san abin da ta ci.

Yana mayar da kayan cikin jaka ya ce, "Mutanen gidan Mijinyawa sun sake aikowa a kan garar 'yarsu. Me zan ce musu?"

Hajja ta danne yatsan da auduga, ta yi ɗan tunani.

"Ka ce alkaki da nakiya zan yi. Dubulan da cincin su kai wani wuri."

Ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, ta leƙa waje. An fara yayyafi, ga itace a tsakar gida ba a rufe ba. Ta kira Ni'ima su shigar da shi rumfa kafin ruwan ya yi ƙarfi.